Gargaɗi Ga Masu Gida A Kan Tsakiyar Ciki

Akwai wata gafala da ta yawaita ga magidanta, malamai da fatake baki ɗaya. Idan mai ciki ta fita daga laulayin watanni uku na fari, amai ya tsaya, ta koma ga tukunya da turmi, sai mai gida ya ɗauka wahala ta wuce, ya ɗaure kayansa ya kama hanyar fatauci. Alhali kuwa daga wata na huɗu zuwa na shida ne abin da ke cikin mahaifa ya ke girma da gaggawa, bukatar uwar kuma ta ke ƙaruwa.

Likitoci suna lissafin ciki daga farkon hailar ƙarshe. A mako na 12 ɗan tayi bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. A mako na 20 ya kai taƙi guda, nauyinsa kamar giram 300. Kafin wata na shida ya fita ya kusa kilo ɗaya, kunnensa ya buɗe, yana jin bugun zuciyar uwarsa da muryarta. Motsinsa na fari yawanci akan ji shi tsakanin mako na 16 da na 20, mai cikin fari kuwa takan ɗan makara.

Ma'abuta ilmi sun san wannan lokaci. Hadisi na huɗu na Arba'una ya nuna ana busa rai bayan kwana 120, wanda ya ke daidai da wajen mako na 19 a lissafin likita. Wanda aka busa wa rai kuwa yana da haƙƙi a kan ubansa tun bai ga duniya ba. Mai Risala ya yi rangwame ga mai cikin da ta ji tsoro ga abin da ke cikinta, ta sha azumi ta rama daga baya. To, idan shari'a ta sauƙaƙa farilla dominsa, ina hujjar mai gida da zai ƙuntata cefane?

Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, domin ta ciyar da rai biyu. Kadan abinci bai wadata ba, sai ƙarancin jini ya kama ta: haki, jiri, farin ido, da marmarin cin farar ƙasa. Abin da ya kamace ta shi ne wake, zogale, alayyafo, ƙwai, nama da kifi, da ƙwayar ƙarin jini kullum. Ciwon baya da ƙwannafi da ɗaurewar ciki al'adar wannan lokaci ne, amma surfe da ɗaukar tulu mai nauyi a nema mata mataimaki.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne babban maƙiyi, zama yana cinye jini, yana tsumburar da jariri, yana jawo ɓari. Akwai maganin rigakafinsa da akan fara daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku, tare da kwana cikin gidan sauro. Haka nan allurar rigakafin sarƙewar haƙora. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wasicci da zuwa awo sau 8, da hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24.

Amarya mai cikin fari kunya kan hana ta faɗa, sai uwar miji da mai gida su lura. Zubar jini, ko fashewar ruwa, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko zazzaɓi, ko ɗaukewar motsin da aka saba ji, ba a kwana da su a gida.

Saboda haka falke kada ya fita sai ya bar guzuri da kuɗin mota, ya kuma bar izini bayyananne cewa a kai iyalinsa asibiti ba da jiran dawowarsa ba. Malamai kuma su faɗi wannan a majalisinsu. Allah shi sauki masu ciki lafiya, shi raya abin da suka haifa. Amin.