Waiwaye: Daga Gizago Zuwa Injin Juya Katako a Dakwaro

Masassaƙan da muka taso muka gani a Dakwaro ba su da shago, gindin bishiya ne wurin aikinsu. Kayansu gatari ne da gizago da dutsen wasi. Kafin ɗayansu ya ɗaga hannu, sai ya fara sanin itacen da ke gabansa. Ƙirya mai tauri ta turmi da taɓarya ce, ɗanya mai laushi ta akushi ce, aduwa kuma ta ƙotar fartanya. Itace ke gaya masa makamin da zai ɗauka.

Farin 1973 da na 1984 sun ci manyan itatuwan wannan yanki, har turmin kirki ya koma abin da ake kawowa daga kudu. Sassaben zamani, wato barin kututturai su sake tofo a gona, da ya bazu a jihar Maraɗi tun daga shekarun 1980 ya dawo da bishiyoyi gonaki, amma yawancin abin da manomi ke iya yankewa rassa ne. Dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 ma ba ta bar mutum ya sare bishiyar da aka kare ba tare da izini ba.

A wannan hali ne matasan kafintoci suka fara sha'awar injin juya katako, wanda ke fitar da ƙafar gado da ta kujera sumul cikin ɗan lokaci. Sha'awar ba laifi ba ce. Matsalar ita ce da yawa sun juya tsarin magabata, suna sayen inji tukuna, sannan su nemi aikin da zai yi.

Mai son kafa irin wannan inji a gida ya fara da girman aikinsa. Ƙaramin injin kan tebur ya isa ƙota, muciya da ƙafafun kujera. Ba zai ɗauki gungumen turmi ba, domin itace mai faɗi yana son inji mai nauyi da juyi a hankali. In aka sake shi da gudu, ya kan fizge ya ji wa mai shi rauni.

Sai wuta. Lantarkin Nijar bolt 220 ne, injin da aka ƙera don Amurka kuwa na 120 ne, manyan tsofaffin injunan Turai kuma da yawansu layi uku suke buƙata, wanda yawancin gidaje ba su da shi. Wanda ya ga yadda wuta ta yi ƙaranci bayan Najeriya ta yanke layinta a watan Agusta na 2023 ya san dole ya lissafa ƙarfin janareta ko na hasken rana tun kafin ya biya.

Inda aka fi yin asara shi ne kayan haɗi. Kan da ke riƙe katako ana murɗa shi ne a bakin injin, kuma zaren bakin ba ɗaya ba ne ko'ina: na Turai galibi M33 ne, ƙananan injuna da yawa kuma inci ɗaya ne mai zare takwas. Tsinin da ke tokare itace shi ma yana da lamba, MT1 ko MT2. Idan suka saɓa, tafiya Maraɗi ko Kano ta zama ta banza. A tambayi bel ɗinsa ma, ko ana samun irinsa a kasuwa. A ware kuɗin wuƙaƙe masu kyau da injin wasi da garkuwar fuska, don ƙirya tana dakushe ƙarfe nan da nan. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne.

Ɗan'uwa kafinta, kafin ka ba da ko dala, rubuta faɗin itacenka, ƙarfin wutarka da lambar bakin injin a takarda, ka tafi kasuwa da ita a aljihu.