Kirsimeti a Bayan Badala da Can Ƙasar Koriya

'Yan'uwana mata, ga hunturu ya kama, kaushi ya soma cin ƙafa. Wadda kuwa ta aika Kasuwar Sabon Gari a makon nan ta san kaza ta yi tsada. Dalili shi ne Kirsimeti ta gabato, watau 25 ga Disamba, ranar da Kirista ke murnar haihuwar Annabi Isa.

Mu na cikin birni ba mu ganin bikin nan sai mun fita bayan badala. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka wa baƙi Sabon Gari a 1913, can majami'u suka taru. Amma kada ku ɗauka bikin na Ibo da Yarbawa ne kaɗai. A Wusasa ta Zariya akwai Hausawa Kirista, majami'arsu ginin ƙasa ce tun 1929, da Hausa kuma suke waƙoƙinsu.

To, 'yan makaranta, ku buɗe taswira ku nemo Koriya ta Kudu, can gabas kusa da Japan, domin zamansu ya yi kama da namu. Kirista a can ba su kai sulusin jama'a ba, duk da haka ranar hutu ce ga kowa tun 1949. Sai dai ba ita ce babbar sallarsu ba. Ranar da suke komawa gida ita ce Seollal, sabuwar shekararsu ta lissafin wata. A ranar yara kan durƙusa su gai da manya, a ba su 'yan kuɗi, tamkar barka da sallarmu. Kirsimeti kuwa a majami'a masu ibada ke yin ta. Sauran jama'a, musamman samari da 'yan mata, sai su sayi kek a kanti su fita kallon fitilu. Wannan yawo da asalinsa. Daga 1945 zuwa 1982 akwai dokar hana fitar dare a ƙasar, amma akan ɗage ta a jajiberen Kirsimeti. Kun san halin yaro in an buɗe masa ƙofa!

Abin da ya fi burge ni shi ne na mabiya addinin Buda. A babban wurin ibadarsu na Jogyesa, cikin birnin Seoul, sukan kunna fitilu a ƙofa don taya maƙwabtansu murna. Ba su bar addininsu ba, ba wanda ya ce su bari.

Mu nan fitilarmu ita ce kwano. Ko malamar 'yarki, ko ungozomar asibiti, ko abokiyar cinikin maigida, wata za ta aiko miki da shinkafa da kaza. Da yawansu sukan nemi Musulmi ya yi musu yanka don kawai ki iya ci. In kina da shakka, tambaya ba laifi ba ce. Abin kunya shi ne a bar ɗan aike tsaye a zaure, ko a juye abincin a gabansa a ba almajirai, ya koma ya ba da labari.

Ki karɓa da hannu biyu, ki ce a gaishe ta, ki wanke kwanon. Kada ya koma haka nan: ki zuba dubulan ko alkaki, ko da biyar ne. In Babbar Salla ta zo, ki sa sunanta cikin masu rabon nama.