Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse

Da yawa daga manyan shafukan intanet ba manhaja guda ke tafiyar da su ba. Ƙananan manhajoji ne birjik, kowace da aikinta: wannan ta tantance mai shiga, waccan ta karɓi kuɗi, suna aika wa juna saƙo.

Daga cikin kayan gina irinsu akwai Bottle, wadda Bajamushe Marcel Hellkamp ya fitar a 2009 cikin harshen Python. Fayil guda ce tak, kyauta ce, kuma kowa na da damar karanta cikinta, har ya gyara.

A ganinmu, da irinta ya kamata malamai su soma koyarwa. Babu shakka Django, wadda ta fito a 2005, ta fi ta kayan aiki nesa ba kusa ba, sai dai yawan kayan kan ɓoye wa ɗalibi yadda saƙo ke isowa da yadda amsa ke komawa. Wanda ya haddace umarni bai fahimta ba, ranar da manhaja ta cije zai rasa tudun dafawa. Wanda kuwa ya bi Bottle layi-layi, ya san inda zai duba.