Yaron Shago Ma Yana Bukatar Ranar Hutu

Duk wanda ya tsaya bakin titin Minjibir da asuba ya san abin da nake shirin faɗi. Tun gari bai gama wayewa ba za ka ga samari daga Kunya da Wasai da ƙauyukan kewaye suna rige-rigen shiga mota zuwa Birni, waɗansu Kantin Kwari, waɗansu Singa, waɗansu Sabon Gari. Ba za su komo ba sai bayan lisha. Da yawansu kuwa haka suke yi kwana bakwai cikin mako, ba Jumma'a ba Lahadi, sai fa ɗan lokacin da aka ja ƙofa aka tafi masallaci.

Abin mamaki, dokar da ta hana wannan ta daɗe da fitowa. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce cikin kowane kwana 7 ma'aikaci yana da hutun awa 24 a jere. Ta ce wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a yini, a ba shi hutun da bai kasa awa ɗaya ba. Har wa yau ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin wata 3 ya cika. To, shaguna nawa ne a Kano aka taɓa ganin wannan takarda? Ga kuma wata ƙofa da dokar ta bari a buɗe: iyalin mai aiki ba su shiga cikinta ba. Saboda haka da ka ta da maganar sai maigida ya ce, ai yaron ɗana ne. Ɗan nasa kuwa na cikinsa yana makaranta, ran Lahadi yana barci har hantsi.

Batun albashi ma haka yake. An mai da mafi ƙanƙancin albashi Naira 70,000 cikin 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau kusan dukan shagunan kasuwanninmu ke nan. Abin da yaro ya dogara da shi shi ne alkawarin sallama, cewa wata rana za a ba shi jari. Na san wani yaro na ƙauyenmu da ya shekara takwas yana ɗaukar dila, ya bar gonar ubansa ciyawa ta cinye damina bayan damina, ran da suka saɓa da ubangidansa aka sallame shi da kuɗin mota. Ba takarda, ba shaida.

Ba cewa nake a kwaikwayi Jamus, inda kantuna ke rufe ran Lahadi, ko Ingila, wadda cikin 1994 ta yarje wa manyan kantuna buɗewar awa 6 kaɗai a ranar. Mu nan Lahadi ba ranar ibadar yawancinmu ba ce, ita ce ma ranar da ma'aikacin gwamnati yake samun sukunin yin cefane. Amma akwai abin koyi guda a dokar Ingila: ma'aikacin kanti yana da ikon ba da sanarwa ya ce ba zai yi aikin Lahadi ba, ba kuwa za a kore shi don haka ba.

Abin da ya dace da mu shi ne karɓa-karɓa. Shago ya buɗe kullum in mai shi ya ga dama, amma kowane yaro ya san ranarsa, ko Jumma'a, ko Lahadi, ko wadda suka daidaita. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda ba su gaza wajen karɓar kuɗin gadi da na shara ba, su buɗe littafi a rubuta sunan yaro da ranar hutunsa da shekarun da za a sallame shi. Dagatai da masu unguwannin ƙasar Minjibir kuwa su gargaɗi iyaye, kada wani ya sāke miƙa ɗansa ga attajiri sai an yi wannan magana gaban shaidu biyu, an sa hannu.