Jakin Jita Ba Shi Da Lamba Ɗaya, A Daina Ruɗar Matasa

Yau da masu tallar jitar lantarki za mu yi, su da masu alfahari a bidiyo. Duk inda aka taɓo zancen jakin nan mai lilo, tambaya ɗaya suke cusa wa mai saye: mataki nawa yake hawa, nawa yake sauka? Sai a faɗi lamba, yaro ya zaro kuɗin da ya shekara yana tarawa. Mu a wajenmu wannan lambar yaudara ce.

Jaki, kamar na molo da garaya, shi ne abin da tsirkiya take hawa a kai. Na jitar Stratocaster, wadda Leo Fender ya fitar a 1954, ba a kafe yake ba. Tsirkiyu shida na jan sa ta gaba, sifirin na jan sa ta bayan jitar, yawanci guda uku, ko da yake akwai gurbin biyar. Idan ƙarfin ɓangarorin ya zo daidai, sai jakin ya tsaya a tsakiya kamar sikeli. Ka danna sandarsa murya ta sauka, ka ɗaga ta hau. Mataki kuwa shi ne tazarar gaɓa ɗaya a wuyan jita.

To, saukar ba abin ƙirgawa ba ce. A jakin Floyd Rose, wanda ya samu takardar mallakar ƙirƙira a 1979, kana iya danna sanda har tsirkiyu su saki gabaɗaya su kwanta. Abin da ya daina amo, wace lamba za a ba shi?

Hawa kuma sarari yake bi. Kamfanin Fender kansa kimanin milimita 3 ya ce a bari tsakanin bayan jaki da jikin jita. Ka ƙara tazarar hawan ya ƙaru, ka matse sifirin har jakin ya kwanta a kan katako, hawan ya tafi ɗungurungum. Shi ya sa a jitar Steve Vai, JEM, da Ibanez ya fitar a 1987, sai da aka fafe katakon bayan jakin don ya samu inda zai faɗa. Ke nan abin da ake sayar wa yaro da sunan ƙarfin jaki, rabinsa aikin kafinta ne da sukundireba.

Wanda ya fi ba mu haushi shi ne ba a faɗa masa cewa ko a jita ɗaya tsirkiyun ba sa tafiya tare. A saitin da Carl Verheyen ya yi suna da shi, idan ka ɗaga sanda tsirkiya ta uku mataki uku take hawa, ta biyu mataki biyu, ta ɗaya, wato siririyar, mataki ɗaya tak. Dalili? Siririyar tun farko ta fi kowa miƙewa, ɗan jan da aka ƙara mata bai cika damun ta ba. To, idan mai shago ya ce maka "uku yake hawa", a wace tsirkiya? Da wane kauri? Matsalar ta kai sai da Ned Steinberger ya ƙera TransTrem a 1984 musamman don tsirkiyun su riƙa hawa da sauka tare.

Za a ce mana ai faɗin ya fi, mai yawa ba ya rasa kaɗan. Mun ji. Amma a faɗi kuɗinsa. Jakin da ke lilo, idan tsirkiya ɗaya ta tsinke, sifirin ne ke rinjaye, sauran biyar duk su haura, waƙa ta lalace a tsakiyar taro. Ka tura tsirkiya ɗaya da yatsa, 'yan uwanta su ɗan sauka. Ka jingina tafin hannu da nauyi, murya ta karkace. Canza saiti kuwa, wanda a kafaffen jaki aikin minti ɗaya ne, a nan sai ka zagaya tsirkiyun sau da yawa, don kowace ka taɓa sai ta motsa sauran. In Floyd Rose ne ma, sai ka fara neman ɗan makullin kwance matsewar da ke saman wuya, kuma ranar da ake nemansa ranar yake ɓata.

Eddie Van Halen, wanda ya fi kowa tallata Floyd Rose, a kwance ya riƙa barin jakinsa. Sauka kawai, babu hawa ko mataki ɗaya. Jeff Beck kuwa nasa lilo ya riƙa yi, amma da ɗan motsi kaɗan ya riƙa sa jitar tana magana kamar mutum. Babu wanda aka tuna da shi don yawan matakai.

Saboda haka idan ƙaninku ya ja ku rakiya shago, ku bar mai shago ya gama lissafinsa. Ku sa a daidaita tsirkiyun, a danna sanda har ƙasa sau goma, a sake ta, a kaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Idan ta uku ba ta koma inda take ba, ku mayar da kuɗin aljihu.