Tayar motar dawaki na tsufa ko tana ajiye

Motar ɗaukar dawaki a Yola da Jimeta ta fi zama a ajiye, sai hawan sallah ya taso. Shi ya sa zanen tayarta ke yaudarar mai ita: bai cinye ba, amma zafin Afrilu, mai wuce digiri 40, ya busar da robar. Lambobi huɗun ƙarshe a gefen taya ke faɗin shekarunta. Misali, 1520 na nufin mako na 15 a 2020. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa wa taya wa'adin shekara huɗu, kuma ya kamata a bi. Taya mai tsagewa ko kumburi ta wuce mai faci, domin fashewarta a hanyar Numan na iya karya ƙafar doki.