Ra'ayi: Kafin a biya kuɗin "ful ofshin" a sabuwar a-kori-kura, a ƙirga buhunan da za ta ɗauka

A gidajen manyan manoma da 'yan kasuwar hatsi na Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi akwai wani muƙami da ba wanda aka naɗa a kai, amma kowa ya san mai riƙe da shi: yaron da ya fi kowa iya waya. Shi ake kira idan tiransifa ta maƙale, shi ke sabunta WhatsApp ɗin Alhaji. Ranar da aka yanke shawarar sayen sabuwar a-kori-kura kuma, shi za a ce wa, "Duba mana a wayarka, wacce ta fi?"

Nan matsalar take farawa. Matashin zai buɗe YouTube da TikTok, ya ga Toyota Hilux ko Ford Ranger mai ƙaton sikirin, kujerun fata, fitilu masu walƙiya da rim mai sheƙi. Kafin magariba ya gama yanke hukunci: sai "ful ofshin". Alhali tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwar motar irin wannan ta koma ta miliyoyi gommai, kuma tazarar da ke tsakanin ƙaramin mataki da babba ita kanta miliyoyi ce. Ribar kaka da yawa ce ake shirin zubawa.

Shawarar da ta dace da wannan yanki ita ce a fara biyan kuɗin abin da ba a iya ƙara wa mota bayan ta fito daga kamfani. Abin da za a iya sawa daga baya ya jira.

Waya ta riga ta koyar da wannan darasi

Duk wanda ya taɓa sayen Tecno, Infinix ko Samsung ya san cewa akwai abubuwa iri biyu. Kwandon waya, gilashin kariya da iyafis ana samunsu kowane lokaci, ko a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a teburin mai caji. Amma wanda ya sayi waya mai RAM 4GB ba zai wayi gari ya mayar da ita 8GB ba, haka furosesa. Da su za a zauna har wayar ta mutu.

Mota ma haka take. Girman bodi, irin inji, jan taya huɗu, jakar iska da na'urar hana santsi su ne RAM da furosesarta. Sikirin, kamarar baya, rigar kujera da sifika su ne kwando da iyafis.

Sunan mataki ba ya tsayawa wuri ɗaya

Abu na farko da bidiyo ba ya faɗa shi ne kowace kasuwa da sunayenta. Hilux a Ostireliya ana kasa ta WorkMate, SR, SR5 da Rogue. A Ingila Active, Icon da Invincible ne. A Afirka ta Kudu akwai Raider da Legend, a ƙasashen Larabawa kuma GL da GLX. Ranger tana da XL, XLT, Wildtrak da Raptor. Abin da ke cikin kowane suna yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa, daga shekara zuwa shekara. Ga shi kuma motocin Ingila, Ostireliya da Afirka ta Kudu sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta bar wannan tsari tun 1972.

Saboda haka bidiyon da aka ɗauka a Sidni ba hujja ba ce a wurin dila a Kaduna ko Kano. Shi kuma "ful ofshin" ba sunan wani mataki ba ne a takardar kamfani, kalmar ciniki ce kawai. A nemi takardar bayanin ainihin motar da ke tsaye a gaban mai saye, a bi ta layi-layi.

Gida ɗaya ko gida biyu

Wannan shi ne zaɓi mafi girma, kuma shi aka fi yin sa da ido. Hilux mai gida ɗaya bayanta ya kai kusan mita 2.3 a tsawo. Mai gida biyu, wato mai ƙofa huɗu, kusan mita 1.5 ne. Nauyin da kamfani ya yarda irin waɗannan motoci su ɗauka yana kewayen tan ɗaya, kuma mutanen da ke zaune a ciki suna cikin lissafin.

Ga yadda yake a aikace. Buhun masara kilo 100 ne. Idan mota mai gida biyu ta ɗauki manya biyar, kowanne a ƙaddara kilo 70, kilo 350 ya tafi. Saura buhu shida da rabi. Idan an ɗaura mata ƙaton ƙarfen gaba, ƙarfen ado na baya da murfin bodi, a sake cire nauyinsu. Babban mataki ya fi ƙarami nauyi tun daga kamfani, don haka sau da yawa wadda ta fi tsada ita ce ta fi ɗaukar kaya kaɗan.

Gaskiya ne ana ganin motoci a hanyar kasuwar Ɗandume ɗauke da ninkin wannan. Sifirin, birki da taya su ne ke biyan bashin, kuma garanti ba ya rufe ɓarnar lodin da ya wuce ƙa'ida. Wanda aikinsa kai taki gona da kwaso masara, waken soya ko auduga ne, gida ɗaya ya fi masa, kuma ita ce mafi araha. Gida biyu ta wanda zai haɗa iyali da kaya ce.

Ogziliri: a tambayi watan Agusta

Daga Funtuwa zuwa Zariya, ko daga Malumfashi zuwa Kano ta Dayi da Gwarzo, kwalta ce, mota mai jan tayoyin baya kawai ta isa. Tambayar ita ce kilomitocin ƙarshe daga bakin titi zuwa gona, a tsakiyar damina, lokacin da hanyar burji ta koma taɓo, rafi ya cinye kwalbati. Wanda gonarsa ke cikin fadama, ko mai kwaso tumatir da rake daga ƙauyukan Ɗanja, jan taya huɗu, abin da direbobi ke kira ogziliri, ba ado ba ne a wurinsa.

Akwai wani maɓalli da bidiyo ba ya damuwa da shi: makullin tayoyin baya. A mota ta yau da kullum, idan taya ɗaya ta faɗa laka sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cik. Makullin yana tilasta su juya tare. Ya fi kujerar fata amfani nesa ba kusa ba, kuma sa shi daga baya aiki ne mai tsada. A kuma gaya wa direba cewa a yawancin waɗannan motoci ba a barin ogziliri a kunne a kan busasshiyar kwalta, yana cin giya da taya.

Fetur ko dizal

Injin fetur mai lita 2.7 na Hilux yana ba da ƙarfin ja na 245 Nm. Na dizal mai lita 2.4 yana kaiwa 400, mai lita 2.8 kuma har 500. Dizal ya fi jan kaya, ya fi tattalin mai, abin da ya ƙara muhimmanci tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023.

Sai dai injin dizal na zamani ba irin na tsohuwar tarakta ba ne. Yana tura mai cikin nozul da matsi mai tsanani, kuma ruwa ko datti kaɗan a man jarka ya isa ya lalata nozul da famfo. Motocin da aka ƙera don Turai kuma suna zuwa da matatar hayaƙi da tankin wani ruwa mai suna AdBlue, waɗanda ke buƙatar mai mai tsabta sosai. Mai sayen dizal ya tabbatar motar ta kasuwar Afirka ce, yana da gidan man da ya amince da shi, kuma akwai makanikin da ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota kusa da shi.

Dattawa sun san wannan ma'auni. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma a-kori-kurar 504 ta daɗe tana aiki a waɗannan hanyoyi saboda kowane gareji ya san cikinta, kayanta kuma na ko'ina. Yau zaɓi ya yi yawa: Mitsubishi L200, Isuzu D-Max, JAC, da na Innoson da ake haɗawa a Nnewi. Kafin a zaɓi kowacce, a kira masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a ji ko suna da filtarta, kulocinta da fitilarta.

Babban rim, ƙaramar taya

Manyan matakai suna zuwa da rim ɗin alminiyam mai inci 18, na ƙasa kuma da na inci 17 ko 16, sau da yawa na ƙarfe. Lambobin jikin taya suna bayyana bambancin. Taya 265/65 R17 tana da gefe mai tsayin kusan milimita 172, ita kuwa 265/60 R18 milimita 159. Wannan gefen shi ke shanye dukan rami. Rim ɗin ƙarfe idan ya lanƙwashe ana buga shi ya miƙe a bakin hanya, na alminiyam yakan tsage. A nan ma mataki na ƙasa ya fi dacewa da hanyar gona.

Inda rowa ke kashe mutum

Kada a ɗauka ana cewa a sayi mafi araha ido rufe. A Nuwamba 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, ta ba ta tauraro sifili wajen kare manyan da ke ciki, duk da tana da jakar iska biyu, domin gangar jikinta ta murƙushe. A 2020 GWM Steed 5 ita ma ta sami sifili. Kamfanoni sukan rage kayan kariya a motocin da suke turo wa Afirka, musamman a ƙananan matakai.

A-kori-kura tana da tsayi, kuma idan babu kaya bayanta ba nauyi, shi ya sa take saurin juyawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Na'urar hana santsi, wadda Toyota ke kira VSC wasu kuma ESC, ita ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya don daidaita motar kafin direba ya ankara. Ba a sa ta a gareji. Idan ƙaramin mataki ba shi da ita, ba shi da birkin ABS da jakar iska aƙalla biyu, to wannan dalili ne na gaske na hawa mataki na gaba. A hanyar Funtuwa zuwa Gusau, tsakanin tireloli, a nan kuɗin zai yi aiki.

Sikirin da intanet

Abin da sikirin ɗin mota ke yi, taswira, kiɗa da amsa kira, wayar da ke aljihu ita ke yin sa. Android Auto da Apple CarPlay suna haska abin da ke cikin wayar ne kawai. Waya ana canja ta duk shekara biyu ko uku, mota kuwa ana so ta yi shekara goma sha biyar, don haka sikirin ɗin kamfani shi ne zai fara tsufa. Rediyo mai Android da kamarar baya ana sa su daga baya a kan ɗan kaso na kuɗin da ke tsakanin mataki da mataki. A dai tambayi dila tukuna ko taɓa wayoyin mota zai shafi garanti.

Duk abin da ya dogara da sabis kuma, mutanen yankin sun san iyakarsa. A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Faskari, Ɗandume da Sabuwa. Na'urar bin sawun mota mai layin waya tana da amfani, ya kamata a sa, amma ranar da ba sabis ba za ta aiko da komai ba. Taswirar Google Maps da aka sauke a waya tun daga gida ita ke aiki a irin wannan rana. Kuma a hanyoyin da ake fargaba, motar da ba ta jan ido ta fi wa mai ita kwanciyar hankali.

Hujjar masu son babban mataki

Suna da abin faɗa. Mota mai cikakkun kaya takan fi saurin samun mai saye idan an tashi sayarwa, kuma wanda ke yini a hanyar Abuja zai ji daɗin giyar otomatik da kujera mai laushi. Na'urar sanyaya ɗaki a zafin Afrilu ba almubazzaranci ba ce. Kamarar baya ma tana iya ceton yaron da ke wasa a ƙofar gida.

Amma motar da ta yi shekara biyar tana ɗaukar taki da dabbobi, masu saye injinta da ƙashinta za su duba, ba fatar kujera ba. Miliyoyin da aka bari a hannu kuwa za su sayi taki da iri na daminar bana, saitin taya na biyu da man watanni. Ɗan kwangilar da motarsa ke zama ofis ya sayi babban mataki, lissafinsa ya fita. Manomi lissafinsa daban ne.

Abin da za a tafi da shi wurin dila

Matashin da aka ba wannan amana ya rubuta tambayoyi shida a wayarsa kafin a tashi. Kilo nawa motar ke ɗauka a takarda? Tana da ogziliri da makullin tayoyin baya? Jakar iska nawa, kuma akwai ABS da na'urar hana santsi? Don wace kasuwa aka ƙera ta? Garantin na shekara nawa ne ko kilomita nawa, kuma a wane gari ake cika shi? Nawa ne filta, kuloci da fitilar gaba? A karɓi amsoshin a rubuce, a ɗauki hoton lambar shasi da farantin nauyi da ke jikin motar. Ma'aunin bai canja ba ko da 'yar Kwatano za a saya. Idan an gama da waɗannan kuma kuɗi ya ragu, sai a zauna a zaɓi sikirin.